Me Ya Sa Manufofin Ƙasashe Suke Ƙara Kama da Juna?

Wani bawan Allah ya yi tambaya cewa ya lura duk ƙasar da ya duba sai ya tarar da harajin VAT (wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidimomi), da babban banki mai cin gashin kansa, da hukumar yaƙi da cin hanci, da dokar kare bayanan jama'a, da tsarin fansho na asusun ma'aikaci, alhali ƙasashen nan sun sha bamban a tarihi da addini da arziki. Yana son ya san ko akwai wani wuri guda da ake rubuta waɗannan dokoki a rarraba wa gwamnatoci, ko kuwa haɗuwa ce kawai ta zo da haka.

Malam, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma masu nazarin harkokin mulki sun daɗe suna bibiyarsa. Babu hannu guda da yake rubuta wa duniya dokokinta, amma kuma ba a banza kamannin yake zuwa ba. Hanyoyi ne daban-daban suke kai ƙasashe wuri ɗaya, kuma abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa hanyar da manufa ta bi ta shigo ƙasa ita ce take yanke hukuncin ko za ta yi saiwa ko za ta tsaya a kan takarda. Ƙasashe biyu suna iya samun doka iri ɗaya kalma da kalma, ɗaya ta ɗauke ta bayan ta fahimci ciwon da take magani, ɗayar kuwa ta sa hannu ne don a sakar mata rance, kuma bayan shekara goma za ka ga sakamakonsu ko kusa bai yi kama ba.

Kafin a shiga dalilai, yana da kyau a tantance abin da yake kama da juna, domin kalmar manufa tana ɗauke da abubuwa da yawa. Akwai burin da gwamnati ta sa a gaba, akwai kayan aikin da ta zaɓa don cimma burin, akwai gwargwadon yadda ta yi amfani da shi, sannan akwai abin da yake faruwa a zahiri idan ma'aikaci ya tsaya gaban ɗan ƙasa. Harajin VAT ya isa misali. Faransa ce ta fara shi a 1954, ƙungiyar kasuwar Turai ta wajabta wa mambobinta shi a 1967, kuma yau ƙasashe sama da 170 suna karɓarsa. Kayan aikin ya zama ɗaya, amma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana karɓar kashi 5 cikin ɗari, Hangari tana karɓar kashi 27, Amurka kuwa har yanzu gwamnatin tarayyarta ba ta da shi sam. Idan aka sauko kan yawan abin da yake shiga baitulmali idan an kwatanta da abin da ya kamata ya shiga, tazarar ta fi haka faɗi. Saboda haka kamanni yakan yi ƙarfi a sama, wajen suna da tsari, ya riƙa raguwa yayin da ake gangarowa zuwa aiwatarwa.

Dalili mafi sauƙi shi ne matsala iri ɗaya takan haifar da magani iri ɗaya ko da ba a yi shawara da juna ba. Lokacin da masana'antu suka janyo mutane daga gonaki zuwa birane, tsoho ya rasa gandun da zai riƙe shi, ma'aikacin da inji ya cire wa hannu ya rasa mai ciyar da shi, sai Jamus a zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck ta kafa inshorar lafiya a 1883, da ta haɗarin wurin aiki a 1884, da fanshon tsufa a 1889. Duk ƙasar da ta bi hanyar masana'antu daga baya dole ta gamu da wannan tambaya. Sai dai wannan dalili ba ya wadatarwa, domin ba ya bayyana abin da ya sa sauye-sauye suke zuwa a jere kamar ambaliya, ƙasashe da dama su ɗauki abu ɗaya cikin shekaru kaɗan alhali matsayin tattalin arzikinsu ya yi hannun riga. Idan ka ga haka, to akwai wanda yake kallon wani, ko akwai wanda yake matsa wa wani.

A nan zarginka yana da tushe. Tilas tana cikin manyan abubuwan da suka daidaita dokokin duniya, tun daga mulkin mallaka, wanda ya bar wa ƙasashen da Birtaniya ta mallaka salon shari'arta, ya bar wa na Faransa salon kundin Napoleon na 1804. A zamaninmu tilas ta fi zuwa ta ƙofar bashi. Bayan Meziko ta sanar a 1982 cewa ba za ta iya biyan basussukanta ba, ƙasashe da yawa a Latin Amurka da Afirka suka sami kansu babu mai ba su rance sai Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, su kuwa waɗannan suka gindaya sharuɗɗa kusan iri ɗaya ga kowa: a karya darajar kuɗi, a janye tallafi, a sayar da kamfanonin gwamnati, a rage kuɗin fito, a tsuke bakin aljihun gwamnati. Gana ta shiga wannan shiri a 1983, Nijeriya a 1986, kuma a 1989 masanin tattalin arziki John Williamson ya tattara waɗannan manufofi guda goma ya kira su matsayar da hukumomin Washinton suka haɗu a kanta. Ba ina cewa duk abin da ke cikin jerin kuskure ne ba, domin wasu ƙasashen sun riƙe farashin musayar kuɗi na ƙarya wanda ya kashe manomansu ya azurta masu lasisin shigo da kaya. Abin da nake ƙi shi ne yadda aka auna marasa lafiya daban-daban aka ba su magani ɗaya a lokaci ɗaya, kuma aka hana majalisunsu damar yin muhawara a kai.

Abin da ya faru da VAT a Gana yana nuna bambancin da nake nufi. A 1995 gwamnati ta ƙaddamar da shi a kan kashi 17.5 cikin ɗari ba tare da ta shirya 'yan kasuwa ko ta wayar da kan jama'a yadda ya kamata ba, farashi ya tashi, aka yi zanga-zanga a Akara har aka rasa rayuka, cikin 'yan watanni aka janye harajin. A ƙarshen 1998 aka dawo da shi a kan kashi 10, bayan an yi bayani an horar da ma'aikata an ɗaga iyakar cinikin da ake fara karɓa daga gare shi, kuma tun daga lokacin ya zauna. Haraji ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce, abin da ya canza shi ne a karo na biyu an tsaya an yi wa manufar gurbi a cikin gida.

Akwai wata tilas da ba ta da hayaniya amma ta fi rance kaifi. Hukumar FATF, wadda ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki suka kafa a Paris a 1989 don yaƙi da halasta kuɗin haram, ba ta da soja kuma ba ta ba da bashi, shawarwari arba'in kawai take da su da kuma jerin sunayen ƙasashen da take ganin sun gaza. Amma da zarar sunan ƙasa ya shiga jerin, sai bankunan waje su fara ɗari-ɗari da bankunanta, tura kuɗi ya yi tsada ya yi jinkiri, wasu ma su yanke hulɗa gaba ɗaya. Shi ya sa kusan kowace ƙasa a yau take da sashen tattara bayanan sirri na hada-hadar kuɗi, kuma shi ya sa bankinka yake neman takardun shaida iri ɗaya da waɗanda ake nema a wata nahiyar. Makamancin wannan, amma da yardar mai nema, shi ne shiga Tarayyar Turai: ƙasashe goma da suka shiga a 2004 sai da suka kwafe dubban shafukan dokokin tarayyar cikin nasu kafin a buɗe musu ƙofa.

Kasuwa ma tana tura ƙasashe wuri guda ba tare da wani ya ba da umarni ba. Jari yana da ƙafa, kuma ministan kuɗi ya san cewa idan maƙwabci ya rage haraji a kan ribar kamfanoni shi bai rage ba, masana'antar da yake fata za ta sauka a can. Birtaniya tana karɓar kashi 52 a farkon shekarun 1980, ta yi ta ragewa har ta kai 19 a 2017. Amurka ta sauko daga 46 zuwa 34 ta dokar 1986, sannan daga 35 zuwa 21 ta dokar 2017. Kowace ƙasa tana ganin hikima ta yi, amma da kowa ya rage sai aka wayi gari babu wanda ya ci riba sai kamfanonin, nauyin kuma ya koma kan albashi da kayan masarufi, waɗanda ba su da halin ƙaura. Wannan ne ya kai ƙasashe 136 ga amincewa a Oktoban 2021 cewa kada harajin manyan kamfanonin duniya ya gaza kashi 15, wato sun haɗu ne don su tsayar da tseren da su da kansu suka fara.

Gasa ba kullum take jan ƙa'idoji ƙasa ba. Idan kasuwa ta yi girma kuma ta tsaurara sharaɗi, mai son sayarwa a cikinta dole ya bi, kuma da yake yin kaya iri biyu yana da tsada, sai ya bi sharaɗin a ko'ina, daga baya ma ya riƙa matsa wa gwamnatinsa ta kafa doka irin wannan don kada abokan gasarsa na gida su fi shi sauƙin farashi. Haka ƙa'idojin hayaƙin mota na jihar Kaliforniya suka ja sauran Amurka. Haka kuma dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018 da tarar da za ta iya kai kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya, ta zama abin kwafa ga Burazil a 2018, da Kenya a 2019, da Nijeriya a 2023. Wani lokaci ma babu maganar wane ya fi wane, daidaito da maƙwabta ne kawai yake da amfani: Suwidin ta koma tuƙi ta hannun dama a 1967, Nijeriya a 1972, Gana a 1974, saboda ƙasashen da suke kewaye da su ta dama suke bi.

Sai yarjejeniyoyi, inda ƙasashe suke zama su ɗaure kansu domin matsalar ta fi ƙarfin kowace ita kaɗai. Wadda ta fi nasara a ganina ita ce yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan sinadaran da suke cinye lemar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, wadda duk mambobin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da ita. Ta yi nasara ne saboda ta ba ƙasashe matalauta ƙarin wa'adi, ta kafa musu asusun da zai biya kuɗin sauya fasaha, kuma ta taƙaita cinikin waɗannan sinadarai da duk wanda ya ƙi shiga. Amma sa hannu ba ya nufin kowa ya zauna a teburin da ƙarfi ɗaya. Lokacin da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, an haɗa da sharaɗin kare haƙƙin ƙirƙira na shekara ashirin, har da na magunguna, kuma ƙasashe masu tasowa sun karɓe shi ne domin in sun ƙi za su rasa sauran amfanin ƙungiyar. Sai da annobar ƙanjamau ta nuna illar tsadar magani kafin a fitar da sanarwar Doha ta 2001 da ta tabbatar wa ƙasashe ikon fifita lafiyar jama'arsu.

Na fi son in daɗe a kan koyi da kwaikwayo, domin a nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma daga nesa abubuwan biyu kamarsu ɗaya. Koyi shi ne ka ga abin da wani ya yi, ka binciki abin da ya sa ya yi masa aiki, ka duba ko sharuɗɗan suna nan a wurinka, sannan ka ɗauki abin da ya dace. Japan ta yi haka bayan 1868: ta tura ayarin manyan jami'anta ƙarƙashin Iwakura suka shafe 1871 zuwa 1873 suna zagaya Amurka da Turai, daga baya ta tsara rundunar ruwanta bisa salon Birtaniya, kundin tsarin mulkinta na 1889 kuwa bisa salon Jamus, kowane abu daga inda ta ga ya fi dacewa da ita. Meziko ta fara shirin Progresa a 1997, inda ake ba iyaye mata matalauta kuɗi bisa sharaɗin 'ya'yansu su je makaranta da asibiti, kuma tun daga farko aka ware ƙauyuka wajen ɗari biyar aka kwatanta waɗanda suka fara karɓa da waɗanda ba su fara ba. Da alƙaluman suka fito, ƙasashe da dama suka bi sahu, har birnin New York ya gwada nasa a 2007, abin da yake nuna cewa koyi ba daga masu arziki zuwa matalauta kaɗai yake tafiya ba. Haka ma lokacin da Ailan ta haramta shan taba a duk wuraren aiki a Maris na 2004, an yi ta tsoron jama'a ba za su bi ba, da aka ga sun bi sai Nowe da Niyu Zilan suka yi nasu a shekarar, Italiya a 2005, Ingila a 2007. Ƙasa ta farko ita take ɗauke wa sauran tsoro.

Kwaikwayo kuwa shi ne ka ɗauki abu domin shi ne ake yayi, domin ƙasar da ba ta da shi ana yi mata kallon ta baya. Labarin fanshon Cile ya haɗa koyi da kwaikwayo da matsin lamba wuri guda. A 1981, ƙarƙashin mulkin soja na Pinochet, aka sauya tsarin da ma'aikatan yau suke biyan fanshon tsofaffin yau, aka koma kowane ma'aikaci yana tara kashi 10 na albashinsa a asusun kansa wanda kamfanoni masu zaman kansu suke juyawa. Bankin Duniya ya fitar da babban rahoto a 1994 yana yaba irin wannan tsari, kuma Peru da Ajantina da Kolombiya da Meziko da Kazakistan da Hangari da Polan duk sun bi sahun Cile cikin shekarun 1990, Nijeriya ma ta kafa nata a 2004. Abin da da yawa ba su auna ba shi ne kuɗin tsallakawa: idan gudummawar ma'aikata ta koma asusunsu, gwamnati ce za ta ci gaba da biyan tsofaffin da suka riga suka yi ritaya daga aljihunta har tsawon shekaru masu yawa. Cile ta shiga da rarar kasafi, waɗansu suka shiga da giɓi suka cike shi da bashi. Da rikicin kuɗi na 2008 ya zo, Ajantina ta mayar da asusun hannun gwamnati a shekarar, Hangari ta bi baya a 2010. A Cile kanta, sojojin da suka kafa tsarin ba su saka kansu a ciki ba, kuma a 2008 sai da aka ƙara fansho daga baitulmali ga waɗanda tarinsu bai kai ko'ina ba. Masu kwafa sun ga ribar da asusun yake nunawa, ba su tsaya sun tambayi makomar wanda ba shi da albashi na wata-wata ba, alhali a ƙasashe da yawa irinsa ne suka fi yawa.

Za ka iya tambaya ta yaya ra'ayi yake tsallaka iyaka. Mutane ne suke ɗauke da shi. Gwamnonin manyan bankuna suna haɗuwa a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a kai a kai, da yawansu sun yi karatu a jami'o'i ƙalilan, suna karanta mujallu iri ɗaya, kuma kowannensu yana jin kunyar takwarorinsa fiye da yadda yake jin kunyar 'yan majalisar ƙasarsa. Niyu Zilan ta fara ɗora wa babban bankinta alhakin tsayar da hauhawar farashi tsakanin sifiri da kashi 2 a 1990, Kanada ta bi a 1991, Birtaniya a 1992, Afirka ta Kudu a 2000, Indiya a 2016. Ga kuma kamfanonin ba da shawara da hukumomin agaji da suke yawo da samfurin doka a jaka. Na taɓa duba wani daftari da aka kawo don gyara, na tarar yana ambaton wata hukuma da babu ita a ƙasar da aka rubuta shi dominta, domin daga dokar wata ƙasa aka ɗebo sashen ba a ko karanta shi ba. Abin ya dame ni ƙwarai, saboda na san mutane ne za a hukunta da wannan rubutu.

Jadawalin da yake jera ƙasashe daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe ya ƙara wa kwaikwayo ƙarfi. Rahoton Bankin Duniya kan sauƙin kasuwanci, wanda aka fara a 2003, ya kai matsayin da shugabanni suke sa hawa a cikinsa ya zama burin ƙasa. A 2012 shugaban Rasha ya ba da umarni a rubuce cewa a ɗaga ƙasarsa daga matsayi na 120 zuwa na 20 kafin 2018. Gwamnatoci suka koyi gyara daidai abin da ake aunawa, kamar yawan kwanakin rajistar kamfani a babban birni, suka bar abin da ba a aunawa. A Satumban 2021 bankin ya dakatar da rahoton gaba ɗaya bayan bincike ya gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe.

Daga nan ne ake samun abin da masana irin su Lant Pritchett da Matt Andrews suka yi ta jan hankali a kansa, wato hukumomin da suke da siffar aiki ba su da aikin. Hong Kong ta kafa hukumarta ta yaƙi da cin hanci a 1974, ta ba ta kuɗi isassu, da ma'aikata masu albashi mai kyau, da ikon kai rahoto kai tsaye ga gwamna, a wuri mai kotuna da suke aiki, kuma ta yi nasara. Ƙasashe da yawa suka kafa irinta da suna mai kama da nata, amma ba kotun, ba kuɗin, ba kariya daga masu mulki, wasu ma suka mayar da ita sandar dukan abokan hamayya. Kayan aro ba ya rufe katara. Kwatanta wannan da yadda Sin ta yi da yankunan ciniki na musamman: an san tsarin tun daga Shannon ta Ailan a 1959, jami'an Sin sun je sun gani, amma da suka buɗe Shenzhen a 1980 sun mayar da shi wurin gwada kasuwa a ƙaramin fili kafin a faɗaɗa abin da ya yi kyau zuwa sauran ƙasa, amfanin da masu shi na asali ba su yi tunaninsa ba.

Idan ka tambaye ni ko wannan kamanni alheri ne, zan ce a inda ƙasashe suke haɗa iska ɗaya da sararin sama ɗaya da cututtuka ɗaya, alheri ne babba, kuma babu mai hankalin da zai so kowace ƙasa ta ƙirƙiro nata ƙa'idojin saukar jirgin sama. A inda kuwa maganar ta shafi yadda al'umma take raba nauyi da amfani tsakanin 'ya'yanta, ina da damuwa iri biyu. Idan kowa ya bi ƙa'ida ɗaya kuma ƙa'idar tana da rami, kowa zai faɗa tare. Yarjejeniyar Basel ta 1988 ta ce banki ya riƙe jarin da ya kai kashi 8 na rancen da ya bayar bayan an auna haɗarinsa, ƙasashe sama da ɗari suka ɗauka, kuma da yake ma'aunin ya ɗauki rancen gidaje a matsayin mai ƙaramin haɗari, gyare-gyaren da aka yi masa daga baya kuma suka ƙara da takardun bashi da kamfanonin tantancewa suka yaba, bankuna a nahiyoyi daban-daban suka tara kaya iri ɗaya, suka girgiza tare a 2008. Damuwa ta biyu ita ce idan babu mai saɓawa, babu inda za a koyi sabon abu. A Satumban 1998 Maleshiya ta ƙi bin shawarar da ake bayarwa a lokacin rikicin kuɗin Asiya, ta taƙaita fitar da jari, aka yi mata ca, amma ta farfaɗo kamar maƙwabtanta, kuma a 2012 Asusun Ba da Lamuni da kansa ya amince cewa irin wannan mataki yana da gurbi a wasu yanayi.

Kada kuma ka ɗauka tafiyar hanya ɗaya ce da ba a juyawa. Maleshiya ta kafa harajinta mai kama da VAT a 2015, ta soke shi a 2018 bayan zaɓen da ya kayar da gwamnatin da ta kawo shi. Tsarin kiwon lafiya na Birtaniya da na Jamus da na Amurka har yau ba su kusanci juna ba duk da shekarun da suka yi suna nazarin juna, domin kowanne ya tara likitoci da kamfanoni da masu jefa ƙuri'a da suke cin moriyarsa yadda yake. Abin da ya fi jan hankalina a 'yan shekarun nan shi ne ko juyawar ma tare ake yin ta. Shekara talatin ana gaya wa ƙasashe masu tasowa cewa ba aikin gwamnati ba ne ta zaɓi masana'antar da za ta tallafa wa, sai ga Amurka a 2022 ta ware sama da dala biliyan 50 don tallafa wa masu ƙera ƙananan na'urorin da suke cikin kwamfuta da waya, Tarayyar Turai ta kafa irin dokar a 2023, Japan da Indiya da Koriya ta Kudu kowace ta fito da nata tallafin. Ƙasashen da aka sa suka rushe irin waɗannan shirye-shirye a shekarun 1980 yanzu suna ganin an dawo da su, sai dai yawancinsu kuɗin ruwan bashin da suke biya bai bar musu abin da za su shiga wannan sabuwar gasa da shi ba.